Geng, Mai Jefa Matashin Durƙuso

A duk birnin Tianjin, daga bakin kogi har ƙofar yamma, ba a yi mutumin da ya hau dandamalin wasa kamar Geng Shuanzhu ba. Shekara talatin da takwas ya yi a kai. Ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da sarakunan da suka ci duniya, ya ratsa ta tsakiyar yaƙe-yaƙen da ba wanda ya fita da rai, ya ga an sare kan jarumi ɗaya fiye da sau ɗari huɗu. Manyan mawaƙa sukan fito sau ɗaya a yini su koma su miƙe ƙafa, shi kuwa tun daga bugun gangar farko har a watse yana nan. Sai dai in ka tambayi waɗanda suka tsufa a kan bencin Gidan Shayin Rijiya Biyu, inda ake yin wasan, yadda fuskarsa take, sai su ce, wane Geng?

Aikinsa gyaran fili. A wasan waƙa irin na da ba a sakin labule. Tebur ɗaya ne da kujeru biyu, su ne fada, su ne dutse, su ne gada, gwargwadon yadda aka jera su, kuma dole wani ya jera su a gaban jama'a, wasa na tafiya. Geng ne wannan wanin. Yakan shigo cikin doguwar rigarsa mai ruwan toka, ba kwalliya ba komai, ya ɗora kujera a kan tebur, dutse ya samu, ya koma gefe. In fatalwa za ta fito, shi ke watsa garin ƙaro a kan 'yar wutar da ke hannunsa, harshenta ya tashi sama. In maƙogwaron mawaƙi ya bushe a tsakiyar kukan rabuwa, shi ke miƙa masa butar shayi, mawaƙin ya kare fuska da hannun riga ya kurɓa, ya ɗora kukan daga inda ya tsaya. Tsakaninsa da 'yan kallo akwai alkawarin da ba a taɓa rubutawa ba: yana nan, amma ba ya nan.

Ba kowa ke iya wannan ba. Tsohon da ya koya masa aikin, wani mai ido ɗaya, cewa ya yi, "Kada ka yi sanɗa, mai sanɗa kowa na ganinsa. Kada ka yi sauri. Kada ka kalli jama'a. Ka yi tafiya kamar wanda ya fito zubar da ruwan wanke-wanke a gidansu." Shekara uku Geng ya yi yana koyon wannan tafiya. Da ya iya, sai ta bi shi har gida. Ranar bikinsa ma an ce sai da aka neme shi, alhali yana zaune a tsakiyar ɗaki.

Amma abin da ya yi suna da shi, a wajen mutum goma sha biyun da suka san yana duniya, shi ne jefa matashin durƙuso. In ɗan wasa zai durƙusa, ba a ajiye masa matashi tun da wuri, don zai tare filin taka rawa. Jefowa ake yi daga gefe, daidai lokacin da gwiwa ke sauka. In ya riga gwiwa isa, jama'a sun gani. In ya makara, riga ta taɓa ƙasa. Geng yakan jefa daga taku bakwai, matashin ya taho kwance yana juyi kamar faifai, ya shige ƙarƙashin gwiwa a kan bugun ganga. Nasa ne na kansa, ja ne a da. Matarsa ce ta ɗinka masa, ta cusa auduga, ta ƙulle busasshen wake a kusurwoyi huɗu don ya yi nauyi a hannu. Kada kuma wani ya ɗauka aikin tausayi ne. Ba don gwiwa ake jefa shi ba, don riga ne. Rigar sarki guda ta siliki, mai zanen dodanni da zaren zinariya, ta fi wanda ke cikinta tsada. Gwiwa kuwa kowa da tasa ya zo.

Shekara ashirin da shida na ƙarshe ya yi su ne a bayan Maigida Pang, mai fitowa a tsofaffin wazirai masu dogon gemu. Pang ba ya shan shayi daga hannun kowa sai Geng, don a sana'arsu an san abin da abokin gaba kan zuba wa mutum a buta ya kashe masa murya. Wannan amana ba ta hana shi ƙorafi ba.

"Geng," in ji shi ta bayan hannun riga, sarki na jiransa a kan karaga, "shayin nan na jiya ne ko na kakanka?"

"Na yau ne, Maigida. Muryar ce ta jiya."

"Ɗan banza. Matsa, ka tsaya mini a kan gemu."

A hunturun 1934 Maigida Pang ya mutu, ba a kan dandamali ba, a kan gado, da tari, kamar kowa. Bayan wata huɗu aka mai da Rijiya Biyu gidan silima, inda hotuna ke durƙusawa ba su bukatar matashi. Sauran gidajen wasan waƙa suna nan, amma kowane mawaƙi da nasa mai buta, ɗan ƙanensa ko surukinsa, kuma ba mai shan shayin baƙo. Geng yana da shekara hamsin da huɗu ya koma ɗakinsu guda a unguwar Nanshi, inda matarsa ke ɗinkin tafin takalma.

"Baban Suyun," ta ce masa wata rana ba ta ɗago ba, "sau huɗu ke nan ka matsar da teburin nan tun safe. Yanzu dutse ne ko gada? Ina so in sani kafin in ɗora kunu."

Suyun ita ce 'yarsu, ita kaɗai ta rayu cikin biyar. Ta yi shekara shida a masaƙar auduga, inda wasu ɗalibai ke zuwa ran Lahadi su koya wa ma'aikata karatu. Daga karatu aka shiga wasa, daga wasa ta bar masaƙa ta shiga Ƙungiyar Sabuwar Fitila, masu yin abin da suke kira wasan magana. Ba waƙa, ba ganga, ba goge, ba tsalle. Mutane ne cikin kayan gida, a ɗaki mai kujerun gaske, suna faɗa kamar maƙwabta.

"Wato mutum ya biya kuɗinsa," in ji Geng, "ya je ya kalli abin da ya baro a gida?"

"Haka ne, Baba. Don a gida ba ya gani."

"Ba su iya waƙa ba, ba su iya alkafura ba, sai suka sa masa suna zamani."

"To, zamanin yana neman mai jan labule. Za ka zo ko za ka ci gaba da gina duwatsu a ɗaka?"

Ya je. Kunun gero yana cikin dalili, amma ba shi ne babba ba. Gaskiyar ita ce Geng bai san inda mutum ke tsayawa a duniya ba in ba a gefen dandamali ba. A kasuwa bai san abin da zai yi da hannuwansa ba. Ranar da ya shiga zauren da ƙungiyar ta yi haya, ya shaƙi warin ƙura da tsohon katako, sai ya ji kamar an mayar masa da ƙafafunsa. Ya zagaya baya yana neman gunkin kakan 'yan wasa don ya kunna masa turare, bai samu ba. A inda ya kamata gunkin ya kasance akwai akwatin wutar lantarki. Ya rusuna wa akwatin, don kada a ce bai gai da kowa ba.

Shugaban ƙungiyar Malam Shen ne, saurayi ɗan shekara ashirin da takwas, mai tabarau, wanda ya yi karatu a ƙetare. Ya taɓa rubuta wa wata mujalla cewa babban abin kunyar ƙasar nan shi ne, sarki na shure-shuren mutuwa a kan dandamali, wani ƙato ya shigo ya ba shi shayi. Yanzu ga ƙaton a gabansa, ɗan tsamurmurin tsoho, riƙe da jan matashi a hammata. Malam Shen mutumin kirki ne, ya miƙa masa hannu.

"Baba Geng, ɗakin nan da muka gina bango nawa gare shi?"

"Uku, Malam."

"Huɗu. Na huɗun yana nan tsakaninmu da 'yan kallo. Yana nan, amma ba a ganinsa."

"Af, ashe abokin aikina ne."

"A'a, Baba. Shi ba a ganinsa ne don babu shi. Kai kuwa akwai ka." Ya sunkuya ya ja layi da alli a bakin labule. "Doka ɗaya ce. In labule na rufe, filin naka ne, ka ɗauke, ka ajiye. In ya buɗe, ƙafarka ba ta tsallake wannan layi. Ran da ka tsallake, ran nan ka bar mu. Suyun ce ta tsaya maka."

"Ba zai tsallake ba, Malam," in ji Suyun.

Wasan da suke shiri na masaƙa ne. Suyun ce 'yar ma'aikata wadda aka kama wa yayanta saboda yajin aiki. A ƙarshen kashi na uku za ta shiga ɗakin mai masaƙa, ta roƙe shi a tsaye ya ƙi, sannan ta faɗi a kan gwiwoyinta. Wannan ne karon farko da aka ba ta babban matsayi, kuma faɗuwar ita ce zuciyar wasan. A wasan waƙa ganga ke yin ƙarar faɗuwa. A nan babu ganga.

"Ina so na ƙarshen zaure ya ji ƙarar ƙashi a kan katako," in ji Malam Shen. "Mu gaskiya muke nuna wa mutane. Sake, Suyun. Kada ki sauka, faɗuwa za ki yi."

Ta sake. Mako uku, sau ashirin a yini. Geng yana tsaye a bayan layin alli, igiyar labule a hannun hagu, matashinsa a kan akwatin da yake zama, don ma'aikaci ba ya barin kayan aikinsa a gida ko da an ce masa ba a bukata. Duk faɗuwa sai hannunsa na dama ya motsa. Yakan danne shi da na hagu.

A gida uwar tana murza wa Suyun gwiwoyi da giya mai ɗumi da citta. Sun kumbura sun yi baƙi kamar yalo ya ruɓe.

"Wannan malamin naku, gwiwar wa ya taɓa ara?" in ji uwar. "Shi ya faɗi mana sau ɗaya mu ji ƙarar gaskiya."

"Inna, ba za ki gane ba."

"Na gane. A masaƙa huhu suka ci miki, a nan gwiwa. Ci gaba ne, ana saukowa ƙasa."

Geng ya nemi dabara. Ya sa matar ta ɗinka auduga a cikin wandon wasan, siririya, ba mai gani. Kashegari Suyun ta faɗi, Malam Shen ya ɗago kai daga takardarsa ya ce, "Wa ya kashe mini ƙarar?" Aka farke audugar.

Ranar buɗe wasa Lahadi ce da azahar. Zaure ya cika da ɗalibai da malamai da 'yan jarida. Ba shayi, ba 'ya'yan kankana, ba masu jefa tawul mai zafi daga wannan layi zuwa wancan, ba mai kiran abokinsa daga nesa. Kowa ya yi tsit kamar gidan makoki. Geng bai taɓa jin 'yan kallo sun yi shiru ba, sai ya ɗauka wasan ne ya faɗi, ya ji tausayin yaran. Da safiyar nan gwiwar hagu ta Suyun ta fashe, uwar ta ɗaure mata da tsumma.

Kashi na ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce, labule ya buɗe ya rufe yadda ake so. A na uku Suyun ta shiga ɗakin mai masaƙa ta fara roƙo. Geng ba ya jin maganar, bai taɓa sauraron maganar wasa ba a rayuwarsa. Ƙafa yake kallo. Shekara talatin da takwas yana karanta gwiwoyi, ya san gwiwa za ta sauka tun kafin mai ita ya sani. Ya ga nauyinta ya koma diddige, ya ga ta ɗan karkata dama don ta sauƙaƙa wa ta hagu, ya ga ba za ta iya ba.

Bai yanke shawara ba. Daga baya an tambaye shi, ya ce shi dai ya ga ba igiya a hannunsa. Ya tsallake layin alli, taku uku, ba sanɗa ba sauri, kamar wanda ya fito zubar da ruwan wanke-wanke. Ya jefa. Matashin ya tafi kwance yana juyi, ya ratsa tsakanin ƙafar tebur da ƙafar mai masaƙa, ya shige ƙarƙashin gwiwoyin 'yarsa daidai lokacin da suka iso. Ba ƙara ko ɗaya. Bai taɓa jifa mai kyan wannan ba, kuma shi ne karon farko da ya jefa don gwiwa.

Ya juya zai koma, sai ya ji shirun ya sake launi. Ya ɗago. Mutum ɗari uku suna kallon wuri ɗaya. Ya waiwaya bayansa ya ga abin da suke kallo, babu komai sai bangon takarda.

Can baya wani dattijo, wanda jikansa ya jawo shi dole, ya miƙe ya kwarma "Madalla!" irin na gidan shayi. Daga nan dariya ta ɓarke. Suyun ta ƙarasa roƙon ran yayanta a kan jan matashi, zaure na tuntsirawa. Labule kuwa bai rufe da wuri ba, don mai jansa yana tsaye a tsakiyar ɗakin mai masaƙa.

A baya, ta same shi kusa da akwatin lantarki.

"Baba, ka kashe ni."

"Gwiwarki ce ta..."

"Tawa ce! Tawa ce, Baba! Mako uku ina tara wannan faɗuwar."

Malam Shen bai ɗaga murya ba. Ya cire tabarau ya goge ya ce, "Ka san dokar, Baba Geng." Geng ya ce ya sani. Ya fita ta ƙofar baya da rana tsaka, ya manta matashin a kan dandamali.

Sabo turken wawa, in ji matarsa, ta kuma zuba masa kunu fiye da kullum. Suyun ba ta kwana gida ba, ta tafi wajen wata ƙawarta.

Ran Talata wata jarida ta fito da sharhi. Mai sharhin ya ce wasan ba laifi, amma akwai wuri ɗaya da ya kai maƙura. A daidai lokacin da talaka ta durƙusa a gaban azzalumi, sai wani tsoho cikin toka ya fito, ba ya magana, ya shimfiɗa mata laushi. Wannan tsoho, in ji shi, tsohuwar ƙasarmu ce: ba ta cewa ɗanta tashi, sai dai ta sauƙaƙa masa durƙuso. Ya ce waɗanda suka yi dariya ba su fahimta ba ne, ya kuma jinjina wa Malam Shen a kan zurfin tunani. Malam Shen ya karanta sau uku. A karo na ukun ya gano ashe abin ya daɗe yana ransa.

Aka aiko a kira Geng. Za a riƙa yin abin kullum, matsayi ne yanzu, har da suna a takardar shirin wasa.

"Shekara talatin da takwas kana yin daidai ba wanda ya san ka," in ji matarsa. "Ka yi kuskure sau ɗaya ka shiga jarida. Da ka sani da tuntuni ka zuba wa Maigida Pang shayi a gemu."

Ya wanke rigarsa ya tafi. Malam Shen ya zauna a layi na biyar na zauren da ba kowa, ya ce a ɗauko daga roƙo. Suyun ta yi roƙonta ba ta dubi uban ba. Geng ya fito, ya jefa, ya koma. Matashin ya sauka daidai.

"Ina Baba Geng?" in ji Malam Shen. "Ya makara."

"Ya yi, Malam," in ji mai fitowa a mai masaƙa. "Ga matashin nan a ƙarƙashinta."

"Ban gan shi ba. Ran Lahadi an gan shi ne don ba a zata ba. Yanzu sai ya sa a gan shi. Baba, ka shigo a hankali. Ka tsaya. Ka dubi jama'a, su ga fuskar tsohuwar ƙasa. Ka ji nauyin shekara dubu uku a bayanka, sannan ka jefa."

"In dubi jama'a, Malam?"

"Ka dube su."

Ya fito a hankali. Ya tsaya. Ya dubi kujeru ɗari uku da ba kowa a kai, sai ya ji yana da hannuwa, yana da wuya, yana da ƙafafu biyu waɗanda sai an gaya musu wadda za ta fara. Ya jefa, matashin ya bugi mai masaƙa a ciki. Ya sake, ya shige ƙarƙashin tebur. Ya sake, ya faɗi taku biyu kafin ya isa, gwiwoyin Suyun suka sauka a kan katako da ƙarar da na ƙarshen zaure zai ji. A karo na bakwai ba ta tashi ba. Daga nan ƙasa ta ce, "Malam, ya isa haka." Ko uban ta tausaya wa ko gwiwarta, ba ta faɗa ba.

Malam Shen ya raka shi har ƙofa, ya riƙe hannunsa da hannu biyu. Ya ce ba laifinsa ba ne, wasan magana sai wanda ya koya. Aka ba wani ɗalibin shari'a matsayin. Aka barbaɗa masa gari a kai, aka ɗinka masa riga mai ruwan toka. Yakan fito a duƙe yana tari, ya tsaya, ya dubi jama'a har su ji a jikinsu, sannan ya taka ya ajiye matashin da hannu kafin Suyun ta durƙusa, ita kuma ta jira shi. Jaridar ta ce yanzu abin ya fi nuna. Igiyar labule kuwa tun ran Litinin an ba wani ɗan'uwan Malam Shen, kuma ba a korar mutum ba laifi.

Geng bai nemi matashin ba. Matarsa ta ce ya je ya karɓo abinsa, ya ce ana amfani da shi.

Ya samo tsohuwar gangar ƙarfe ya mai da ita murhu, ya shiga sayar da gasasshen dankali a bakin titin gidan silima. A nan sana'arsa ta ci amanarsa. Mai talla sai da murya, shi kuwa shekara talatin da takwas bai ɗaga murya a gaban jama'a ba. Yakan tsaya a gefe, daidai inda ba zai tare wa kowa hanya ba, bai kalli kowa ba. Mutane su wuce ta gabansa da yunwarsu su saya a wajen na gaba.

"Ka yi ihu mana!" in ji matar. "Ka ce dankali!"

"Ai suna ganin hayaƙi."

"Hayaƙin suke gani, Baban Suyun. Sun ɗauka gangar ce ke sayar da kanta."

Da bazara ƙungiyar ta ɗaura niyyar tafiya kudu, inda aka ce masu son wasan magana sun fi yawa. Suyun ta zo sallama da rana, ɗauke da ƙunshin kayanta. Sun daɗe da shiryawa ita da uban, irin shirin da ba a zancensa. Ta zaunar da iyayen a kan gado, ta ja baya taku biyu, don duk da zamanancinta ba ta yarda ta bar gida ba tare da ta durƙusa musu kamar yadda ake yi ba. Geng ya ga nauyinta ya koma diddige. Hannunsa na dama ya tashi, ya yi jifar, ba komai a ciki. Gwiwoyin suka sauka a kan daɓen bulo.

"Tashi, tashi," in ji uwar. "Kin ba su na katako, ki bar mana saura."

Wasiƙa biyu ta zo, maƙwabcinsu mai rubuta wa mutane takarda ya karanta musu. A ta biyun ta ce har yanzu suna yin wasan masaƙa, kuma wurin tsohon nan shi ake fi tafa wa. Daga nan yaƙi ya zo, hanyar kudu ta yanke, ba a sake jin labarinta ba. Geng yakan tsaya wa mai raba wasiƙu a bakin lungu kowace safiya, mai raba wasiƙun ya wuce, sau da yawa bai ma lura da mutum a wurin ba.

Ya mutu a hunturun 1940, da tari irin na Maigida Pang. Daga cikin mutum goma sha biyun nan, uku ne suka rage, biyu suka zo. Da matar ke ninke rigarsa mai ruwan toka sai ta ji takarda a aljihun ciki, ta yi laushi don ninki. Takardar shirin wasan masaƙa ce. Ta kai wa maƙwabcin ta ce ya duba ko da sunan mijinta, tunda an taɓa yi masa alkawari. Mutumin ya bi sunayen da yatsa. Ga Malam Shen a sama, ga Suyun, ga ɗalibin shari'a a matsayin Tsoho. Ya ce babu. Har ya miƙa mata, sai ya hango wani layi a can ƙasa, cikin ƙananan baƙaƙe, ƙarƙashin sunan shagon da ya ba da kujeru. Ya matso da takardar kusa da ido ya karanta mata: ƙungiya na godiya ga Geng Shuanzhu da aron matashi guda.

Ba a mayar ba.